“Important” da ’Yan’uwanta: Kowace da Wurin Zamanta

Duk wanda ya taɓa zama a laburare ya buɗe babi na ɗaya na furojet ɗin ’yan ND ko HND ya san kalmar da ta fi kowace shan wahala a makarantar nan. Ita ce “important”. Ruwa important, taki important, kwamfuta important, har jadawalin da ke shafi na arba’in ma important. Idan malami ya ja jan biro ya ce an cika maimaitawa, sai ɗalibi ya koma kan kwamfuta, ya danna kalmar, ya kwashi duk abin da na’ura ta miƙo masa. Nan ya sa “crucial”, can ya sa “significant”, gaba kaɗan ya dasa “paramount”. A ganinsa ado ya yi wa aikin. A wurin mai dubawa kuwa da’awa uku ya yi ba tare da ya sani ba, kuma ranar kare aiki za a ce ya kawo hujjar kowace ɗaya.

Kalmomin nan ’yan gida ɗaya ne, amma ba tagwaye ba ne. “Important” takan ce abu yana da muhimmanci, ta yi shiru. Sauran kowace sai ta ƙara faɗin dalili: ko don ba a iya yi sai da shi, ko don shi ke raba gardama, ko don lokaci ya ƙure, ko don lissafi ya nuna. Mu ma haka Hausarmu take. Babba, ƙato, ƙasaitacce da gawurtacce duk girma suke nufi, amma je ka ce wa hakimin garinku ƙato ka ga abin da zai biyo baya. Abin da ba mu yarda a yi wa Hausa ba, shi muke yi wa Turanci kullum.

Asalin kalmar

Turanci ya aro “important” daga Faransanci, shi kuma daga Latin, inda “portare” ke nufin ɗauka, “importare” kuma ɗauko abu a shigo da shi. Daga nan ne aka samu “import” ta shigo da kaya daga ƙasar waje, da “porter”, wato ɗan dako. Ke nan abu mai muhimmanci shi ne wanda ya zo ɗauke da kaya, wanda wani abu ke biyo bayansa. Bahaushe ya riga ya faɗi haka da ya ce magana mai nauyi, kuma Bature ma yana da “weighty” a daidai wannan wuri. Tamu kalmar, muhimmi, daga Larabci ta zo, tushensu ɗaya da himma: abin da ya dami zuciya har ya sa mutum ya tashi tsaye.

Kafin mu shiga cikin dangi, akwai ramuka uku a bakin ƙofar ita kanta “important”.

Na farko lafazi. Ƙarfin murya a gaɓa ta biyu yake: im-POR-tant. Idan ka kai shi gaɓar farko ka ce IM-po-tent, to ka koma wata kalma dabam, “impotent”, wadda ke nufin marar ƙarfi, kuma an fi faɗinta ga namijin da ba ya iya biyan buƙatar iyali. Masu riƙe lasifika a tarukan ƙungiyoyi, don Allah a kula, kada a je gabatar da babban baƙo a ci masa mutunci a gaban jama’a. Sannan a haɗe leɓɓa sosai wajen furta “p”. Mu da ke cewa hwara da hwari, sai mun yi da gangan kafin “p” ta fito ba ta zama “f” ba.

Na biyu, “importance” ba a ƙirga ta. Babu “importances”, babu kuma “five importance of irrigation”, ko da yake wannan ta zama ruwan dare tun daga sakandare har wasu na ɗauka daidai ce. Abin da ake nufi amfani ne, don haka sai a ce “five benefits of irrigation”, ko “five uses”, ko “five reasons why irrigation is important”. Amfani ana jera shi ɗaya, biyu, uku. Muhimmanci kuwa sai dai a ce yana da yawa ko kaɗan.

Na uku, ɗan haɗin da ke bin ta. “Important to me” yana nufin abin yana da daraja a zuciyata. “Important for me” yana nufin abin zai amfane ni, ko ina so ko ba na so. Wasan ƙwallon daren Laraba “important to you” ne. Barci da wuri kafin jarrabawar ƙarfe takwas “important for you” ne.

Significant: wadda ta fi kayar da ɗalibai

A nan zan daɗe, domin nan ne maki ke zubewa.

Tushen “significant” shi ne “sign”, alama. Abu “significant” shi ne wanda ke nuna wani abu, wanda ya isa a lura da shi. A hirar yau da kullum ana amfani da ita a wurin babba ko mai yawa, babu laifi. Amma da zarar aikinka ya ƙunshi ƙididdiga, kalmar ta zama ta ’yan lissafi, kuma ma’anarta ta ƙuntata ƙwarai.

Wanda ya yaɗa wannan ma’ana shi ne Ronald Fisher, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. A littafinsa na 1925 ya nuna cewa kashi biyar cikin ɗari ma’auni ne mai sauƙin aiki, wato 0.05 ɗin nan da kowa ke rubutawa a babi na huɗu. Abin lura, shi ma da gonaki da taki yake fama, irin tambayoyin da ɗalibanmu na fannin noma ke yi a yau.

Ga abin da ake nufi. A ce ka gwada taki iri biyu a gonakin albasa a Gwandu, ka ga waɗanda aka zuba wa na biyu sun ɗan fi bayarwa. Tambayar ita ce: da a ce takin biyu ba su da wani bambanci na gaskiya, sau nawa za a ga rata irin wannan ko wadda ta fi ta don dace kawai, saboda wata gonar ta fi laima, wata ta fi samun shara? Idan lissafi ya ce ƙasa da sau biyar cikin ɗari, sai a ce bambancin “statistically significant” ne. Iyakarta ke nan. Ba ta ce ratar babba ce ba. Ba ta ce manomi ya kamata ya canza taki ba.

Dubi yadda abin ke iya juyewa. Idan gonakin da ka auna suna da yawa ƙwarai, ratar da ba ta kai kwano guda a buhu ba tana iya fitowa “significant”. Kai wa manomin Gwandu wannan labari, ka gaya masa sabon takin ya fi tsada, ka ji amsar da zai ba ka. Lissafi ya ce akwai bambanci, aljihu ya ce ba komai. A ɗaya gefen, idan gonaki shida kacal ka auna, kana iya ganin ratar buhu biyu amma gwaji ya ce “not significant”. Wannan ba ya nufin takin biyu ɗaya suke. Yana nufin shaidarka ba ta isa a yanke hukunci ba. Ɗalibai da yawa sukan rubuta “there is no difference” a nan, kuma kuskure ne. Abin da ya dace shi ne “no significant difference was found”. Ruɗanin bai tsaya kan ɗalibai ba: a 2016 sai da Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman tana jan kunnen masu bincike cewa wannan ma’auni ba ya auna girman sakamako ko muhimmancinsa.

Shawarata, a cikin furojet mai ƙididdiga ka ajiye “significant” sai wurin da ka yi gwaji kana da lambar da za ka nuna. Idan babba kake nufi, ga “large”, ga “considerable”, ga “substantial”, ga “marked”. Jimla irin “a significant number of respondents agreed” gayyatar tambaya ce: a wane mataki ka gwada? Faɗi adadin kawai, mutum kaza cikin kaza, ka huta.

Sashen nan na babi na ɗaya mai suna “Significance of the Study” shi kuma ma’anar yau da kullum yake ɗauke da ita. Tambayarsa ɗaya ce: wa zai amfana, kuma me zai yi da sakamakon? “This study is very significant to the society at large” ba amsa ba ce, cika takarda ne. Ka ambaci mutanen: masu noman rani a fadamar Kalgo, ko masu ajiyar albasa, ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ka faɗi shawarar da binciken zai taimaka musu su yanke.

’Yan injiniya da ’yan kimiyyar ɗakin gwaji suna da tasu ta uku, “significant figures”, wato lambobin da ke nuna iyakar daidaiton awo. A 0.00450 guda uku ne: 4, 5 da sifirin ƙarshe. Sifiran gaba wuri kawai suke riƙewa. Wanda ya rubuta 12.30 ya ce ya auna har zuwa lamba ta huɗu, wanda ya rubuta 12.3 bai ce haka ba.

Farilla da sunna

Hanya mafi sauƙi ta gane “essential” muna da ita tun makarantar allo. Wanda ya karanta Ahalari ya san farillan alwala bakwai ne, kuma idan aka bar ɗaya babu alwala. Sunnoni kuwa suna da muhimmanci, ana son a yi su, amma wanda ya manta ɗaya alwalarsa ba ta ɓaci ba. To “essential” farilla ce. Duk abin da ke “essential” yana da muhimmanci, amma ba duk mai muhimmanci ne “essential” ba. Kafin ka rubuta ta, cire abin a zuciyarka ka gani. Idan aikin ya rushe, ta zauna. Idan ya rage kyau ne kawai, koma wa “important” ko “useful”. Ruwa “essential” ne ga shinkafa. Injin ban ruwa na zamani “useful” ne, don kakanninmu sun yi noman fadama babu shi.

Ba baƙon abu ba ne gare mu a tsaya a tantance kalma haka. Malam Abdullahi na Gwandu, ban da tafsirinsa Diya’ut Ta’wil, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarafu. Mutumin da ke jagorancin yaƙi da mulki bai ga ɓata lokaci ba ne ya zauna ya tsara ilmin ginin kalma.

A kimiyya “essential” tana da wani lungu. Sinadaran gina jiki da ake kira “essential amino acids” guda tara ne ga ɗan Adam, kuma an kira su haka don jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci a abinci. Sauran ma jiki na buƙatarsu, sai dai yana haɗa abinsa. “Essential oil” kuwa ba man da ba a iya rayuwa sai da shi ba ne. Daga “essence” ta fito, wato ƙamshin ainihin tsiron.

“Vital” daga “vita” take, rai. Shi ya sa ma’aikatan jinya ke kiran bugun zuciya, numfashi, zafin jiki da awon jini “vital signs”, kuma daga nan Casimir Funk ya ƙirƙiro sunan bitamin a 1912. Ajiye ta ga abin da rayuwa ko ɗorewar wani abu ta rataya a kansa. “Necessary” ita ce marar ado a cikinsu, dole kawai. “Indispensable” an fi faɗinta ga mutum ko kayan aikin da babu madadinsa.

Tunda farilla ba ta da mataki, “very essential” da “more essential” ba su da daɗin ji ga wanda ya san harshen. In kana son ƙarfafawa, “absolutely essential” ake cewa.

Mararraba

“Crucial” daga “crux” ta fito, gicciye. Francis Bacon, a littafinsa Novum Organum na 1620, ya yi amfani da hoton gicciyen katako da ake kafawa a mararraba don nuna hanya, yana nufin gwajin da ke raba tsakanin bayani biyu. Idan ka taso daga Birnin Kebbi ka iso Kalgo, hanya ta rabu, ɗaya ta yi Jega, ɗaya ta yi Bunza. Duk kilomitar da ka wuce tana da amfani, amma juyin sitiyarin da ka yi a nan shi ne “crucial”, domin shi zai ce inda za ka kwana.

Tarihin Gwandu ya ba mu misali. A 1805 jama’ar Shehu sun sha kashi mai tsanani a Alwasa, suka ja da baya zuwa Gwandu, abokan gaba suka biyo su. A nan suka tsaya suka mayar da harin. Yaƙe-yaƙen jihadi da yawa “important” ne, amma tsayuwar Gwandu “crucial” ce, don da garin ya faɗi a lokacin, da wuya labarin ya ci gaba yadda muka san shi. Nan ma “decisive” da “pivotal” za su zauna. Taron raba kyaututtuka na ƙungiyar ɗaliban sashenku fa? Kai, a bar shi a “important”, in ma ya kai.

“Critical” kuwa mai fuska uku ce, sai an yi hattara. Idan likita a asibitin Kalgo ya ce majinyaci yana “critical condition”, yana tsakanin rai da mutuwa ne. Idan malamin fasahar gini ya ce “critical path”, yana nufin jerin ayyukan da jinkirin ɗaya daga cikinsu zai jinkirta ginin duka: harsashi, bulo, linta, rufi. Fentin ƙofar gida yana iya jira, harsashi ba ya jira. Idan kuma aka ce ka yi “critical review” na abin da magabata suka rubuta, ana so ka auna ne, ka faɗi inda suka yi daidai da inda suka gaza, ba ka jera sunaye da shekaru kamar mai kiran rajista ba. Ɗan haɗi ma yana juya ma’anar gaba ɗaya: “critical to the project” abin da aikin ya dogara a kai ne, “critical of the project” kuwa mai sukar aikin ne.

Gaggawa ba muhimmanci ba ce

“Urgent” maganar lokaci take yi kawai. Rarrabe ta da “important” ya shahara da sunan Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, amma manomin fadama bai buƙaci Eisenhower ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, ya san cewa jera buhunan yashi ranar da ruwa ya taso “urgent” ne, gyaran magudana tun da rani kuwa “important” ne. Wanda ya bar na biyu shi ke kwana yana yin na farko. A wasiƙar neman wurin IT ko ta neman gyaran sakamako, kada ka rubuta “urgent” sai ka faɗi ranar da wa’adin zai cika. In babu rana, kalmar ihu ce kawai.

Sauran dangi a gurguje

“Paramount” tana nufin wanda babu na sama da shi, shi ya sa jaridu ke cewa “paramount ruler” ga babban sarki irin Sarkin Gwandu, shugaban majalisar sarakunan jihar Kebbi. Abu ɗaya ne ke zama “paramount” a lokaci guda. Wanda ya sa ta sau uku a shafi ɗaya ya naɗa sarakuna uku a gari ɗaya, “most paramount” kuma rawani ne a kan rawani.

Ga mutane: “prominent” sananne, “eminent” wanda ake girmamawa don iliminsa ko aikinsa, “imminent” kuwa ba ta mutane ba ce, abin da ke dab da faruwa ne. “Notorious” shahara ce ta mugun abu, kada ka yabi malaminka da ita. “Self-important” mai ji da kai. “Momentous” babban al’amari na tarihi, kamar ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, “momentary” kuwa na ɗan ƙiftawar ido. ’Yan akanta suna da “material”: kuskuren da girmansa ya isa ya canza shawarar mai karanta lissafin kuɗi. Naira dubu goma “material” ce a asusun ƙungiyar ɗalibai, ba komai ba ce a littafin banki. “Relevant” kuma ba muhimmanci take nufi ba, alaƙa da batun da ake kai take nufi.

Akwai kuma ’yar ƙaramar aikatau da muke rainawa, “matter”. “Storage matters more than yield” ta fi “storage is of more paramount importance than yield” ƙarfi nesa ba kusa ba, ga ta gajeriya.

Jerin da kwamfuta ke ba ka jikan littafin Peter Mark Roget ne na 1852, wanda ya tara kalmomi bisa kusancin ma’ana. Aikinsa ya tuna maka kalmar da ka riga ka sani, ba ya gaya maka bambancinsu. Wannan aikin ƙamus ne, irin Oxford Advanced Learner’s, wanda A. S. Hornby ya tsara musamman don masu koyon Turanci. Idan ka buɗe, wuce fassarar ka karanta jimlolin misali, can ne za ka ga da wace kalma take tafiya.

Gwada kanka

Cike guraben nan kafin ka dubi amsa. Masu GNS 101, irin wannan na iya zuwa muku.

1. A valid ID card is ______ for entry into the examination hall.
2. The difference between the two samples was not ______ at the 0.05 level.
3. The form closes at midnight, so the matter is ______.
4. The second-semester result was ______: it decided who would proceed to HND.

Ta ɗaya “essential” ko “necessary”, don babu kati babu shiga. Ta biyu “significant”, ba ta da madadi ko ɗaya. Ta uku “urgent”, ga wa’adi an faɗa. Ta huɗu “crucial” ko “decisive”. “Critical” ma za ta shiga, sai dai tunda “result” ake magana, wani zai iya ɗauka sakamakon ne ya yi muni har yana kwance a gadon asibiti, don haka gara “crucial”.